Cigiyar Ƙarshe ta Manjo Tillery

"Mahala! Anti Mahala! Ki taimake ni, ya faɗi!"

Hannuna na cikin ruwan wanki na ji muryar Mis Octavia daga bayan shinge. Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba, mace ce da ko kaza za ta kora sai ta yi kamar tana neman izininta. Na share hannu a gaban rigata na leƙa. Can tsakanin kunyoyin wake na hango yayanta, Manjo Ambrose Tillery, kwance rub da ciki, fartanya a gefensa, ƙafa ɗaya tana ta shurin ƙasa.

Na ƙwala wa mijina kira. Jubal ya fito daga rumfar alfadari, ya tsaya ya dubi abin da ake ciki, bai ko yi alamar sauri ba.

"Zo mu ɗauke shi," na ce.

"Ina sojojinsa?"

"Jubal."

"To, na ji. Kama ƙafafun, ni in ɗauki kan. Ai kan ne mai nauyi, shi ya jawo wa garin nan yaƙi."

Muka ɗaga shi. Ashe babu komai a cikin rigar sai ƙashi. Bakinsa ya karkace gefe guda, yawu yana bin gemunsa, ido ɗaya yana kallona, ɗayan ya lumshe. Mis Octavia ta ruga ta buɗe ƙofar gaba, ta nan muka shige da shi. Duk shekarun da muka yi muna maƙwabtaka, ta ƙofar baya nake karɓar wankinsu, ta nan nake mayarwa. Ranar babu wanda ya tuna cewa baƙar fata ba ta bi ta ƙofar gaba.

Da la'asar likita ya zo a kan dokinsa, ya dudduba, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya ce watakila Manjo ya ga cirar auduga, amma kada a sa ran Kirsimeti. Yana rufe jakarsa ya tambaya wa zai riƙa juya shi, wa zai wanke shi. Mis Octavia ta dubi hannayenta, sirara kamar tsinke, sannan ta dube ni.

Wanda ya ga Manjo a wannan ɗan ɗaki ba zai yarda da abin da yake a da ba. A wancan zamani, in ka shigo garinmu Merrow ta Alabama ta hanyar kogi, kantinsa za ka fara gani: gishiri, ƙusa, yadi, garma, maganin zazzaɓi, har akwatin gawa. A saman benen kantin yake da injin buga jaridarsa, ran bugu duk ginin rawa yake yi. Ni ban iya karatu ba, amma na san abin da ke ciki, don tsoho Harkey, wanda ya mallake mu a lokacin bauta, da ƙarfi yake karantawa ina zuba masa kofi. Kowane mako Tillery yana kiran jihohinmu na Kudu su yi yaƙi da na Arewa. Ya ce Arewa ba ta da maza, ya ce kafin auduga ta fashe an gama. Da yaƙin ya zo kuwa bai ɓuya ba, wannan kam a ba shi. Ya rufe kanti, ya tara samarin gari, ya ɗinka musu kaki da yadin kantinsa, ya shige gaba. Ya tafi da kusan duk wani saurayi farar fata da ke Merrow, ya dawo da 'yan tsiraru, da muƙamin manjo, da tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba. Sojojin Arewa sun ƙone kanti da injin. Babban gidansu ma daga baya ya fita hannunsu. Shi ne suka gangaro bakin unguwarmu, shi da ƙanwarsa da ba ta taɓa aure ba, shinge ɗaya tsakaninmu.

Amma ni ba don yaƙi nake kallonsa ba. Ana saura 'yan shekaru a fara, tsoho Harkey ya mutu, magada suka kasa shiryawa, aka yi gwanjon duk abin da ya bari a barandar kantin Tillery: shanu, kujeru, da mu. Ni wani manomi na kusa ya saye ni. 'Yata Tempy kuwa, yarinyar da ko famfara ba ta gama ba, aka ɗora ta a keken dokin wani baƙo mai jan gemu da ban taɓa gani ba. A gidan Tillery baƙon ya kwana, gari na wayewa ya yi yamma da ita. Iyakar sanina ke nan. Ba suna, ba gari.

Da aka ba mu 'yanci na tambayi Manjo. Na tare shi a hanya, na tare shi a bakin rijiya, da suka zama maƙwabtanmu na tambaye shi ta kan shinge. Kullum amsar ɗaya ce.

"Baƙi nawa suka kwana a gidana, Mahala? Takardun duk sun ƙone. Ban tuna ba."

Don haka da na ce wa Jubal zan yi jinyar Manjo, sai ya ajiye cokalinsa. Shi bai san Tempy ba, bayan 'yanci muka yi aure, amma ya sha jin sunanta a bakina ina barci.

"Ke za ki wanke shi? Mutumin da aka sayar da 'yarki a barandarsa?"

"Sunan yana cikin bakinsa. In ya shiga ƙasa da shi, ina zan tono shi?"

"Bakin da ya karkace? Ko ruwa ba ya iya riƙewa."

"Sai in zauna kusa, ko zai zubo tare da ruwan."

Jubal ya girgiza kai ya ci gaba da cin wakensa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ran da na fara tuɓe Manjo, ya juyar da fuska bango, ya dafe ido da hannunsa mai lafiya. Akwai wani dogon tabo daga haƙarƙari zuwa ƙugu, fari fat, kamar an ɗinke buhu da gaggawa. Na wanke shi kamar yadda zan wanke kowa. Na sake zanen gado, na dama masa faten masara mai ruwa-ruwa, in Mis Octavia ta yarda a yanka kaza in yi masa romo. Kullum da safe nake shiga, in fito rana ta yi sanyi, in tarar da wankin mutane yana jirana a gida. Bayana ya riƙe, gwiwoyina suka kumbura. Ni ma ai ba yarinya ba ce.

Sannu a hankali magana ta dawo masa, da nauyi, kamar mai tauna ɗanyen dankali. Amma hankalin bai dawo gaba ɗaya ba. Wata rana yana kanti, yana auna yadi a kan bargo, yana ce mini, "Wannan ba ya zuba, madam, daga Ingila ya zo." Wata rana yana saman bene yana faɗa da mai jera masa haruffan jarida. Mafi muni ranar da ya koma filin daga. Sai ya riƙa kiran sunayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan mutanen da duk na sani, waɗansu ni na wanke musu tsumman goyo.

"Ku kwanta! Ku kwanta a ƙasa, 'yan banza, ba ku ji ba ne?"

In ya fara haka, Mis Octavia sai ta fice lambu. Ni kuwa in matso da kujera in kasa kunne, ko a cikin sunayen nan wanda nake nema zai faɗo. Bai faɗo ba.

Ran Lahadi bayan coci tsofaffin sojojinsa suke zuwa. Shugabansu Saja Buford Pyle, mai hannu ɗaya, wanda yanzu yake gadin ma'ajiyar auduga. Su zauna a baranda suna tauna taba suna tofarwa a kan furannin Mis Octavia, sannan su shigo ɗaki hula a hannu, su tsaya nesa da gado saboda wari.

"Manjo, mun samo begila," in ji Buford wata Lahadi. "Tutar ma matata ta gyara inda asu ya ci."

"Ban mutu ba tukuna, Buford."

"Haba, yallaɓai, wa ya ce? Shiri ne kawai. Kai ka koya mana, soja ba ya jira sai an far masa."

"Wa zai busa?"

"Ɗan wanzami yana koyo."

"Wanda ya iya busawa mun baro shi a gindin wancan tudu. Kai ka rufe masa ido, da hannun da babu."

Buford ya murza hularsa a ƙirji, ya waiwayo gare ni.

"Anti, ba a ba baƙi ruwa a gidan nan ne?"

Na kawo musu. Suka sha, suka yi ta sallama suna cewa ya fi makon jiya kyan gani.

Wata safiya na same shi idonsa tar. Ya gane ni, ya tambayi alfadarin Jubal, har ya ce faten ya yi gishiri. Na ga in ban tambaya yau ba, ban san ko irin wannan rana za ta sake zuwa ba. Na riƙe cokalin a sama.

"Manjo, mutumin nan mai jan gemu. Wanda ya tafi da Tempy."

Ya rufe ido.

"Ba gari nake roƙo ba, sunan kawai. Ka ga inda kake, ka ga inda nake. Me sunan zai yi maka a can?"

"Ban tuna ba."

"Jiya ka kira sunan kowane yaro da ka kai yaƙi, har da sunan karen ɗaya daga cikinsu. Ba ka manta komai ba."

Ashe Mis Octavia tana bakin ƙofa da kwanon ƙwai.

"Mahala! Mara lafiya za ki tsare da tambaya? An gama wannan zance tun kafin yaƙi. Abin da ya wuce ya wuce, kowa ya yi rashi. Mu ba mu yi rashi ba?"

Na dube ta. Na ajiye cokalin a cikin kwano, na ɗauki mayafina, na fita ta ƙofar baya.

Ban koma ba washegari, ban koma ba jibi. Ina wankina ina jin komai ta shinge. Na ji Mis Octavia tana nishi tana ƙoƙarin juya shi, na ji kwano ya faɗi ya fashe, na ji yana zaginta tana kuka. Ta shanya zanen gado da tabonsa a jiki, don ba ta taɓa wanki ba tun da aka haife ta. Ta aika wa matan cocinsu, suka aiko da burodi da gaisuwa. Buford ya zo ran Lahadi, ya leƙa, bai ko zauna ba ya ce yana da uzuri. Da mako ya zagayo, in iska ta kaɗo daga wajensu sai Jubal ya tashi ya rufe taga.

"Kin ga yanzu kin huta," ya ce.

Ban huta ba. Kowace safiya sai na duba ko hayaƙi yana tashi daga murhunsu, ina tsoron kada in ji an fasa kuka.

Rannan da hantsi na ɗago kai na ga Mis Octavia a tsakar gidana, tsakanin igiyoyin shanya. Gashinta a warwatse, gaban rigarta duk ya ɓaci. Ba ta taɓa tako gidana ba.

"Yana kiranki."

"Ai yana kiran mutane da yawa, Mis Octavia. Yawancinsu matattu."

"Ya ce ki zo. Ya ce ya tuna."

Warin ɗakin ya tare ni tun daga baranda. Ƙudaje sun cika taga. Yana kwance a karkace, yadda ta iya barinsa, gemunsa ya danƙare da busasshen fate. Na tsaya a bakin ƙofa ban ƙarasa ba.

"Wanke ni tukuna," ya ce.

"Suna tukuna."

Rabin bakinsa mai motsi ya yi wani abu kamar dariya. "Da kin samu kanti, da kin kore ni daga kasuwa." Ya yi tari mai tsawo. "Rufus Dade. Ɗan wan mahaifiyarmu ne. Gonarsa tana Texas, kusa da wani ɗan gari, Ardell, a bakin kogin Brazos."

Na dafa ƙyauren ƙofa. Na maimaita a raina, Rufus Dade, Ardell, Brazos, kamar mai ɗauke da ruwa a tafin hannu.

"Ɗan'uwanku," na ce. "Ba baƙo ba."

"Ba baƙo ba. Kuma ba shi ya taya ta ba, ni ne. Matarsa ta haihu, yana neman yarinya mai raino. Ya ce in zaɓa masa, tunda ni na san kayan gari. Na sha ganinta tana biyo ki kanti. Na ga tana da wayo."

"Kayan gari."

Ya kau da idonsa.

"Me ya hana ka faɗa mini, duk shekarun nan?"

"Da farko don ni na taya. Daga baya na saba da cewa ban tuna ba, har ya fi mini sauƙi. Da na kwanta kuma..." Ya juyo da idonsa mai lafiya ya dube ni. "Na san abin da ya kawo ki. In na ba ki, me zai dawo da ke? Ni ɗan kasuwa ne, Mahala. Shi kaɗai ya rage mini a kanti."

Na juya wajen Mis Octavia. Tana jingine da bango.

"Ke ma kin sani."

"Ni na kai mata abinci a kicin ranar," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Burodi da madara. Ba ta ci ba."

Da ina da ƙarfi da na yi ihu. Ba ni da shi. Sai na zauna a kujerar da na saba zama.

"Sunan kaɗai ba zai kai ki ko'ina ba," in ji Manjo. "Rufus ya mutu a yaƙi, matar ta sayar da gonar, mutanen sun watse. Cigiya za ki bayar. Cocinku yana da jarida a New Orleans, fastocinku suna karanta ta a gaban jama'a ran Lahadi, har Texas tana zuwa. Octavia, ɗauko takarda."

"Ambrose, sunan danginmu a jaridar baƙaƙen fata? A karanta shi a cocinsu?"

"Ɗauko takarda na ce!"

Wannan murya ban taɓa jin ta a ɗakin ba. Ita ce muryar da ta kwashe samarin garin nan. Mis Octavia ta fita da sauri ta dawo da takarda da tawada, ta ɗora a kan gwiwarta.

"Faɗi, Mahala. Me za ki ce?"

Na ce, "A ce wata uwa ce da zuciyarta ta ƙone, wadda ba ta yi barci ba tun..."

"A'a. Kada ki fara da kuka, mutane ba sa sauraron kuka, kowa yana da nasa. Fara da suna. Rubuta: Ina cigiyar 'yata Tempy. Aya. An raba mu a gwanjon kayan marigayi Harkey, a Merrow ta Alabama, kafin yaƙi. Aya. Rufus Dade ya kai ta Ardell ta Texas. Ki rubuta Dade da kyau, Octavia, ba tsutsa na ce ki zana ba."

Kumatunsa sun yi ja. Hannunsa mai lafiya yana kaɗawa a kan bargo kamar yana jera kalmomin da kansa. Tun da ya faɗi ban gan shi da rai haka ba.

"Ta yiwu ta yi aure ta sake suna. Sai a sa alama. Wace alama ce a jikinta?"

"Tabon ƙuna," na ce. "Ta taɓa tukunya tana rarrafe. A bayan hannunta na..."

Na tsaya. Na ɗaga hannayena biyu na dube su. Dama ne ko hagu? Ni na shafa wa ƙunar nan man alade, ni na ɗaure ta da tsumma, ni na yi ta hura mata. Na rufe ido in ga yarinyar, sai na ga rigarta, na ga kitsonta, hannun ya ƙi tsayawa.

"Hagu," in ji Manjo. "Kusa da babban yatsa. Na sa shi a sanarwar gwanjon."

Alƙalamin Mis Octavia ya yi ta ƙarar karce takarda.

"Kada ki damu, za a gane ta," ya ce. "Cigiyar bayin da suka gudu na buga ba iyaka. In ni na rubuta, da wuya a rasa mutum."

Da alfahari ya faɗe ta. Ina jin sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce, don ya juyar da ido wajen taga. Can ya ce, a hankali, "Rufe da sunan Mahala, da na fastonsu. Shi ke nan. Kada ki ƙara komai."

Mis Octavia ta hura takardar ta bushe ta miƙo mini. Na naɗe ta na sa a ƙirji. Sannan na tashi na ɗora ruwa a wuta, na buɗe tagogi, na wanke shi tun daga kai har ƙafa. Bayansa ya fara gyambo. Bai juyar da fuska bango ba wannan karon, ya gaji da hakan ma.

Da yamma na kai wa Fasto Gideon takardar, ya ce zai sa ta a wasiƙun jirgin ruwan Talata.

Washegari Jubal ya ga ina ɗaura mayafi.

"Ina kuma za ki? Ba kin samu abin da kike nema ba?"

"Na samu."

"To?"

"To wa zai juya shi?"

"Ya ishe ki, Mahala. Wallahi ba ki san ciwon kanki ba."

"Ka cika mini tulun nan kafin ka fita," na ce.

Ni kaina ban san abin da ya mayar da ni ba. Ba tausayi ba ne, ban kuma yafe ba. Watakila don na riga na san yadda ake ɗaga shi ba tare da an taɓa gyambon ba, kuma babu wanda ya sani sai ni. Da ya gan ni na shigo ya daɗe yana kallona.

Daga nan ya fara tafiya ƙasa. Ya daina auna yadi, ya daina kiran yaran. Yawanci barci yake yi, baki a buɗe. Sau ɗaya, ina ba shi abinci, ya riƙe cokalin da haƙori ya ƙi saki, sai da na dube shi.

"Mahala. Ni mugu ne?"

"Buɗe baki, faten zai huce."

Ya buɗe. Bai sake tambaya ba.

Ya ga cirar auduga, kamar yadda likita ya ce. Wata safiya mai haske, Mis Octavia ta tafi akurki ɗebo ƙwai, ya ce in juya shi wajen taga. Na tallafe shi na jingina shi da matashi. Kekunan alfadari suna wucewa a hanya, an danƙara musu auduga har tana zuba, yara suna bin su a guje. Ya bi su da ido.

"Ta bana ta yi?"

"Ta yi sosai."

"To za su karya farashi," ya ce.

Na juya in matse tsumma a cikin kwano. Da na waiwayo, idon yana nan a buɗe yana kallon hanya, amma babu kowa a ciki. Na jira kaɗan ko ƙirjin zai sake ɗagawa. Sannan na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa, na fita baranda na tsaya. Mis Octavia tana tahowa da ƙwai a cikin rigarta. Da ta ga yadda na tsaya sai ta durƙusa ta ajiye su a kan ciyawa ɗaya bayan ɗaya, don kada su fashe, kafin ta fara kuka.

An yi masa jana'izar da Buford ya shirya. Suka lulluɓe akwatin da tuta, tsofaffin suka jeru suna ɗingishi, wani lauya ya yi dogon jawabi a kan alƙalami da takobi. Ɗan wanzami ya busa begila, ta sarƙe masa a tsakiya, ya sake farawa. Jubal ne ya ba ni labari, shi ya ja keken gawar da alfadarinsa har bakin maƙabartarsu, daga nan ya tsaya a waje. Ni ina gida ina tafasa zannuwan gado. Kafin sanyi ya shigo, wata 'yar'uwarsu ta zo daga Mobile ta tafi da Mis Octavia. Da za ta hau keke ta tsaya a bakin shinge kamar za ta ce wani abu, sai ta ce in riƙe kajin.

An buga cigiyar. Fasto Gideon ya nuna mini wurin da yatsa, ɗan guntun rubutu a cikin wasu masu yawa irinsa, kowa yana neman nasa. Sanyi ya zo ya wuce. Da aka fara shuka sai ga wasiƙa, Fasto ya kawo ta da kansa, ya zauna a kan kututture a tsakar gidana ya karanta mini, Jubal yana tsaye a bayana.

Daga Arkansas ta fito, daga wata mata mai suna Tempy. Ta ce an karanta cigiyar a cocinsu ta kusa sumewa, don ita ma sunan mahaifiyarta Mahala. Amma ita a Virginia aka raba su, ba ta taɓa zuwa Texas ba, kuma ta duba hannayenta biyu babu tabo. A ƙarshe ta ce, "Na san da wuya a ce ke ce. Amma in ba ke ba ce, ki rubuto mini duk da haka."

Fasto ya naɗe takardar. "Me za a ce mata, 'Yar'uwa Mahala?"

"Ka ce mata na ji. Ka ce mata ina gaishe ta, da yaranta in tana da su."

"Cigiyar fa?"

"A sake bugawa. Yadda take, kada a taɓa ko kalma ɗaya."

Ya tafi. Jubal ya ɗan dafa kafaɗata ya koma wajen alfadarinsa. Na zauna ban tashi ba, ruwan wankina yana hucewa. Gidan Manjo yana nan a rufe, ba wanda ya shiga. Kabewar da na shuka a gindin shinge ta ratsa ta ƙasa ta bi tsakar gidansu, ta hau matakalar baranda, ta buɗe fure ɗaya rawaya a bakin ƙofa.